Tsohon Fasto da Limancin Asabar

Na yi shekara fiye da goma ina zaman tare da wani Bature da ya mutu tun ba a haifi kakan kakana ba. Fasto ne, a wani ƙaramin garin masaƙan ulu da ke arewacin Ingila, a ƙarni na goma sha takwas. Ban taɓa taka garin ba. Na nemi izinin shiga ƙasar, aka ce in kawo wata takarda, na kawo ta aka ce saura wata, sai na bar musu ƙasarsu. Duk da haka na san lungun da ɗakin ibadarsa yake, na san tagar da ba ta rufuwa, na san tarin da ke kama shi duk lokacin sanyi. Matata tana ce masa “tsohonka”, ni ma daga baya haka na koma kiransa.

Ba ni na zaɓe shi ba. Na zo Lyon, birnin da ke kudu da Paris, daga Damagaram a farkon shekarun dubu biyu, karatun Ingilishi ya kawo ni, da niyyar in rubuta kundin dokta, abin da muke ce wa tez, in koma gida in koyar. Malamar da aka haɗa ni da ita dattijuwa ce mai kirki, ta kusa ajiye aiki, kuma tana da kwafin wa'azozin mutumin nan jibge a kwali, ta rasa ɗalibin da zai ɗauka. Ta tambaye ni ko ina sha'awa. Ni kuwa a inda na tashi, babba ba ya miƙo maka abu ka ce ba ka so. Na ce ina sha'awa ƙwarai. Ta yi murna har ta rako ni bakin ƙofa, na sauko bene rungume da kwalin ina jin haushin bakina.

Ga yadda mutumin yake. A zamaninsa Ingila tana da cocin sarki, wanda hukuma ta san da zamansa, mai hasumiya da ƙararrawa da manyan limamai. Akwai kuma wasu da suka ce su ma Kirista ne, amma ba za su bi tsarin wannan coci ba, sun fi son su yi ibada yadda suka fahimci littafinsu. An ƙyale su su taru, sai dai da sharaɗi. Ba a ba su muƙamin gwamnati, manyan jami'o'in ƙasar ba su ba su digiri, ɗakunan ibadarsu kuma yawanci a lungu suke, ba ƙararrawa, ba ado, benci ne kawai da mumbari. Tsohona ɗaya ne daga limamansu. Babu wani babba daga sama da ya naɗa shi. Jama'ar ce ta ji wa'azinsa yana saurayi, ta ce ya zauna, shi ke nan ya zauna. Tunda kuwa ba daga sama aka naɗa shi ba, babu mai sauke shi ko ya canza masa gari. Sai dai shi ya ce ya gaji, ko su su ce sun gaji. A cikinsu babu wanda ya taɓa faɗa, har ya haura shekara arba'in a mumbari ɗaya.

Ran Lahadi ya yi wa'azi safe da yamma. Sauran ranaku ya koyar da ƴaƴan mutanensa a gida, tunda ƙofofin da ake buɗe wa wasu su an rufe musu. Ya taka da ƙafa zuwa ƙauyuka duba marasa lafiya, ya binne matattu a ɗan filin da ke bayan ɗakin ibada. Yana ji yana gani masu hali suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa cocin sarki, don ƴaƴansu su sami abin yi a hukuma, aka bar shi da masaƙa da tsofaffin mata. Bai zage su a wa'azi ba, abin da ya fara sa na ga girmansa ke nan. Amma ba zan yi masa kara ba: wa'azinsa yana sa barci. Zai ɗauki magana ɗaya ya raba ta kashi-kashi, kowane kashi ya sake haifar ƴaƴa, kafin ka kai ƙarshe ka manta abin da ya fito nema. Sau da yawa a ɗakin karatu nakan farka in ga shatin littafi a kumatuna.

A cikin wannan hali ne na faɗa limanci, ban shirya ba.

Mu ƴan Nijar da ke Lyon a lokacin ba mu da yawa. Juma'a kowa yana zuwa masallacin da ya fi kusa da shi, amma ran Asabar mukan taru a wani ɗaki na ƙasa wajen unguwar Guillotière, tsohon shagon ɗinki ne da aka shimfiɗa wa darduma. Daga azahar har magariba ake zama. A yi salla, a ɗan yi karatu, mata su kawo shinkafa da miyar gyaɗa ko dambu, a sha shayi, a ji wa ya haihu, wa ya rasu a gida. Babban wurin wani dattijo ne mutumin Tawa, ya yi aikin masana'anta har ƙarfinsa ya ƙare, kowa Alhaji yake ce masa. Wanda ke ba da salla kuma wani tsoho ne, ya tattara ya koma gida bayan na yi kamar shekara ina zuwa.

A wurinmu ba a neman limanci. In an ta da iƙama kowa sai ya ja da baya, wannan ya ce wa wancan bismilla, wancan ya ce a'a, bismilla dai. Tayin baki ba ya kai kowa gaba, don duk mai mutunci dole ya ƙi. Abin da ke yanke magana hannu ne. Babba ya ɗora tafinsa a bayanka ya tura, to wannan ba a gardama da shi.

Asabar ta farko bayan tafiyar tsohon, aka tsaya ana kallon-kallo. Ina can gefe ina gyara hula, sai na ji hannu a tsakanin kafaɗuna.

Alhaji ya ce, “Wanga shi ka karatun malammai kullum. Shiga, Malam.”

Na ce, “Alhaji, malamin Nasara ne fa nike karantawa.”

Ya ce, “Malami dai malami na. Shiga, lokaci na wucewa.”

Aka yi dariya, ya tura, na tsinci kaina a gaba. Karatuna bai wuce na kowa ba: abin da na samu a makarantar allo, da ƴan littattafan farko na tsarki da salla. Na ce a raina na yau ne kawai, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ban san wanda aka tura sau ɗaya an tura shi ke nan ba. Asabar ta gaba ana ta da iƙama sahu ya tsage da kansa, kowa ya zuba mini ido.

Salla ce mafi sauƙi a cikin aikin. In an haihu, ni ke raɗa suna. In za a ɗaura aure, ni. Miji da mata sun saɓa, a kira Malam, ni da ko auren ban yi ba tukuna. Na koyi wankan gawa a ɗakin ajiye gawa na asibiti, Alhaji yana tsaye yana nuna mini da haɓa. Da safe in karanta yadda tsohona ya taka cikin laka ya je wurin masaƙin da ke gargara, da yamma wayata ta yi ƙara. Har na fara jin kamar ni da shi abokan aiki ne, shi dai ya riga ni shiga.

Daga baya na yi aure. Matata mutuniyar Maradi ce, ta karanta aikin gwaje-gwajen asibiti, ta sami aiki a gefen Paris. Ni ma Allah ya taimake ni aka ɗauke ni koyar da Ingilishi a wata makaranta a Bobigny, ita ma a gefen Paris ɗin. Muka kama gida a can, a wani dogon bene, ba da jimawa ba aka haifa mana ƴa mace. Tez kuwa tana nan ba ta ƙare ba, tana bin mu daga gida zuwa gida cikin kwalinta.

Kafin in tashi daga Lyon na je yi wa Alhaji sallama. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Damagaram ɗaya-ɗaya kamar ya san su. Sannan na ce aiki ya kai ni Paris.

Ya ce, “Madalla. Allah shi sa albarka. Mu dai mun saba da kai, Malam.”

Maganar ta yi mini nauyi, na ji ba zan iya tashi haka kawai in bar tsoho da ita ba.

Na ce, “Ai Lyon ba nisa, Alhaji. Zan riƙa zuwa.”

Ya ce, “To, in ka ga da hali.”

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Na ce wa matata sau ɗaya ne a wata, kafin su sami wani. Amma wannan Asabar suna, waccan ɗaurin aure, ta gaba addu'ar wanda ya rasu, ta bayanta kuma Alhaji ba ya jin daɗi, ya kamata a leƙa shi. Kafin in ankara wata ya cike.

Na haddace tafiyar kamar fatiha. In fito da sassafe gari bai gama wayewa ba, in shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da masu zuwa aikin shara da gadi, in sauka tasha, in hau jirgin ƙasa. A cikin jirgi nake buɗe wa'azin tsohona, don nan ne kawai nake da lokacinsa. Gonaki su yi ta wucewa ta taga, ni da shi muna raba magana kashi-kashi. In isa Lyon, in ba da salla, in ci dambu, in saurari ƙorafi, in kamo jirgin yamma. Ran Lahadi in wuni gyaran takardun ɗalibai da ciwon baya. Litinin in tsaya gaban yara talatin da ba su ga dalilin da zai sa su koyi Ingilishi ba, ni ma a ranar ba na gani. Jiki magayi, nawa ya yi ta gaya mini, ban saurare shi ba.

Na san abin da nake asara, ba sai an gaya mini ba. Ƴata tana girma, kuma a ranakun Asabar take girma. Sauran ranaku da safe muna sauri, da yamma na dawo a gajiye ita kuma tana hamma. Asabar ce ranar da uba ke ganin ɗansa da rana, ni kuwa tawa na ba da ita.

Da farko matata tana magana, kuma bakinta ba ya kuskure. Wata Asabar na dawo ina cire takalmi ta ce, “Liman, ƴarka ta fara tafiya yau. Na ce bari in gaya maka, kada ka ji a gari.”

Wata rana kuma ta ce, “Mu ma fa jama'a ne. Mu biyu ne, amma jama'a ne.”

Nakan ce ta yi haƙuri, sun kusa samun wani. Ta ce to. A hankali ta daina zancen. Ran Juma'a da yamma sai in tarar ta goge mini riga ta rataye, ta ɗora hula a saman rigar. Wannan rigar da ke rataye ta fi duk maganganunta yi mini ciwo.

Kuma gaskiya wani ya samu. Wani likita ne mutumin Maradi ya zo aiki a wani asibiti a Lyon, magidanci, ɗan gidan malamai, ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami. Ran da na fara jin yana karatu a gefe kafin salla na san ya fi ni nesa ba kusa ba. Da aka ta da iƙama na juya na ce masa, “Bismilla, lokotoro.”

Ya ja da baya har ya kusa taka na bayansa. Ya ce, “Subhanallahi, Malam. Ina ni ina shiga gabanka?”

Na sake tayi, ya sake ƙi, yadda ya kamata. Na dubi Alhaji, Alhaji yana duban darduma. Na so in ɗaga hannu in tura mutumin nan, hannun ya ƙi tashi. Alhaji ne ya sa ni, yana tsaye a wurin, in na sa wani a gabansa kamar na mayar masa da kyautarsa ce. Sai na shiga. Haka muka yi ta yi lokaci-lokaci, ni in yi tayi, shi ya ƙi, Alhaji ya dubi darduma, har abin ya zama kamar wani ɓangare na sallar.

A waɗannan shekaru ne na rubuta babin da na fi alfahari da shi a tez. Su mutanen tsohona suna da al'ada, in limaminsu ya mutu sai wani fasto na maƙwabta ya zo ya yi wa'azin jana'iza, ya ba da tarihin mamacin, daga baya a buga shi. A irin wannan wa'azi na karanta yadda ƙarshen tsohona ya kasance. Muryarsa ta mutu tun shekaru kafin shi. Tarin nan ya cinye ta, har ta kai in ya hau mumbari na bencin gaba kawai ke jin abin da yake cewa. Sauran sukan zo, su zauna tsit har ya gama, su tashi su gaishe shi su tafi. Akwai wani matashin mai wa'azi a gari na kusa da zai iya karɓarsa, kowa ya sani, amma babu wanda ya ta da zancen. Haka ya yi ta hawa mumbari ana riƙe masa hannu, har makon da ya kwanta.

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Na rubuta cewa wannan ita ce amana tsakanin liman da jama'ar da ta zaɓe shi da kanta: shi bai gudu ya bar su ba, su ba su yar da shi ba. Na karanta wa matata babin wata Lahadi tana tsefe wa yarinya kai, ina fassara mata ina jin daɗin kaina.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Yana da mata?”

Na ce yana da, har da ƴaƴa.

“Me aka ce a kansu?”

Na duba. Shafi bayan shafi a kan jama'arsa, da ƙauyukan da ya taka, da marasa lafiyar da ya duba. Iyalinsa layi ɗaya aka ba su, cewa ya bar mata da ƴaƴa suna makoki.

Ta ce, “To.” Ta ci gaba da tsifarta.

Na kare tez daga ƙarshe, furfura ta riga ta fara fito mini. Malamata ta zo da sanda, ta rungume ni tana hawaye. Masu jarrabawa suka yaba babin nan fiye da sauran. Na ɗauka zan ji an sauke mini kaya. Asabar da ta biyo baya ina cikin jirgi kamar kullum, bambancin kawai yanzu ba ni da abin karantawa, sai kallon gonaki.

Abin da ya raba ni da limanci ƙanƙara ce. Wata Asabar cikin tsananin sanyi ta zuba, jirginmu ya tsaya a tsakiyar fili ya ƙi gaba ya ƙi baya. A duk shekarun nan ban taɓa rasa azahar a ɗakin nan ba. Ran nan na rasa ta, waya kuma ba ta shiga. Da na isa Guillotière ƙafafuna sun jiƙe, ina saukowa matakala na ji kabbara. La'asar suke yi. Na leƙa, likita ne a gaba.

Na ajiye takalmi na shiga sahun ƙarshe, kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Rabona da tsayawa a bayan wani a ɗakin nan tun ina sabon zuwa. Na ga abubuwan da na daɗe ban gani ba: ƙeyar mutane, facin da ke bayan rigar Alhaji, yadda bangon baya ya yi danshi. Babu wanda ya rikice, babu abin da ya ragu. Salla ta tafi daidai, ta ma fi tawa natsuwa. Na ji sanyi a raina, na kuma ji wani ɗan ɗaci, don mutum ba ya son ya ga yadda wuri ke cikewa ba shi.

Da aka sallame suka gan ni, sai kunya ta kama kowa. Likita ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ba da haƙuri, wai sun jira har lokaci ya kusa fita. Aka matsa mini wuri, aka miƙo shayi. Rana ta sanyi ba ta da tsawo, ba mu jima ba magariba ta yi. Aka ta da iƙama, sahu ya tsage kamar kullum, aka zuba mini ido.

Gajiya ce ta yi aikin, ba jarumta ba. Ƙafafuna suna ciwo, safata a jiƙe, na dubi ɗan wurin nan na gaba na ji ba zan iya taka shi ba. Ban ce bismilla ba. Na matsa kusa da likita, na ɗora tafina a tsakanin kafaɗunsa, na tura. Ya turje kaɗan, ya waiwayi Alhaji. Alhaji ya ɗaga kai daga darduma, ya gyaɗa. Likita ya shiga.

Bayan salla Alhaji ya ce in raka shi waje. Muka tsaya a bakin matakala, yana dogara sanda, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Na shirya ba shi haƙuri, sai ya riga ni.

Ya ce, “Malam, yau ka hutar da mu.”

Na ce, “Na hutar da ku, Alhaji?”

“Wallahi. Tun shekarar da lokotoro yaz zo muke son mu ce ma ka zamna gida wurin ɗiyarka. To wa ka iya ce ma liman shi sauka? Munka ga kana tahowa cikin sanyi cikin ruwa, ba ka taɓa hwashi ba, munka ce mutumen ga shina son abin ga, kar mu ɓata mai rai.”

Na ce, “Ni kuwa na ɗauka ku ne ba ku iya yi ba ni. Ran da na zo sallama ka ce kun saba da ni.”

Ya dube ni da mamaki. “To mi za ni ce? In ce Allah shi raka taki gona? Kai hwa kac ce za ka riƙa zuwa.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a rashin tayi akan bar arha. Ni ban yi dariya ba. Haushi ne ya cika ni, na rasa wanda zan ɗora wa. Alhaji bai yi mini komai ba sai kara, ni ma ita na yi masa. Na raka shi har ƙofar gidansa, ya yi mini addu'a mai tsawo, na ce amin.

A jirgin komawa tsohona ne ya zo mini. Na gan shi ana riƙe masa hannu yana hawa mumbari, ƙirji na ciwo, wataƙila yana roƙon Allah wani a cikin mutanen nan ya ce masa ya isa haka. Na ga na bencin baya, an yi sanyi, ba su jin komai sai motsin bakinsa, wataƙila su ma suna roƙon ya faɗa da kansa. Ban san ko haka abin yake ba, mamaci ba ya amsa tambaya. Amma na shekara fiye da goma ina karanta mutumin nan, ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma babin yana can an ɗaure shi a ɗakin karatu, ba ya gyaruwa. Na ji tausayinsa fiye da kowane lokaci. Shi babu jirgin da zai makara da shi, gidansa manne yake da ɗakin ibadar.

Na gaya wa matata na sauka. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ran Juma'a ba ta rataye riga ba.

Asabar na tashi ban san abin da ake yi da safiyar Asabar a gidana ba. Na dafa shayi na zauna a falo. Can sai ga ƴata ta fito, shekararta tara, da jaka a kafaɗa da tawul ya leƙo daga ciki. Ta yi turus da ta gan ni.

Ta ce, “Papa, yau samedi fa. Ba ka da lafiya ne?”

Na ce lafiyata lau, na daina zuwa Lyon. Na tambaye ta ina za ta. Ta ce pisin, wurin iyo, can take zuwa duk Asabar. Maƙwabcinmu na hawa na ƙasa ne ke kai su tare da ƴarsa, shi ya koya mata iyo tun tana ƙarama. Na san da zancen, an taɓa gaya mini, amma kamar labarin wani gida na ji shi.

Na ce, “Yau ni zan kai ki.”

Ta dubi uwarta, ta dube ni, ta gyara igiyar jakarta. Hausarta ba ta da yawa, tana haɗa ta da Faransanci kamar sauran ƴaƴanmu na nan, amma abin da ta faɗa tsaf ya fito.

“Ba komai, Papa. Ka huta, ka gaji.”

Na san wannan magana. Na yi ta, an yi mini ita, na ga inda take kai mutum. Ban taɓa zama na koya wa yarinyar nan kara ba, ban ma zauna da ita ba balle in koya mata, amma ga ta nan ta iya. Na buɗe baki zan ce to, don abin da bakina ya saba ke nan.

Sai na ji hannu a tsakanin kafaɗuna. Matata ce, ta zagayo ta bayan kujera, da rigar sanyina a ɗaya hannun. Ta tura.

Muka sauko bene ni da ƴata. A ƙofar gida ta tsaya ta jira in wuce gaba, ni ma na tsaya. Na dubi dama, na dubi hagu. Shekara tara ina unguwar nan, hanyar tasha kawai na sani. Ta gane, ta juya hagu ta kama tafiya, na bi bayanta.